Wasan Attahiru ya cancanci a ji shi da Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas kan aikin Farfesa Ahmed Yerima, malamin jami'a a fannin wasan kwaikwayo, wanda aka haifa a wannan birni a 1957.

Yerima ya yi karatu a Jami'ar Ife, ya ƙaro ilimi a Ingila, sannan ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya dawo Legas, inda ya shugabanci ƙungiyar wasannin kwaikwayo ta ƙasa da kuma babban zauren wasanni na Iganmu, wanda aka gina domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977. A 2006 ya lashe kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG da wasansa Hard Ground, kan rikicin yankin Neja Delta. Mutum ne da yake rubuta wasa, ya tsara shi a kan dandamali, ya kuma zauna a aji ya koyar da yadda ake yin duka biyun.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasansa mai suna Attahiru. Na tsinci kwafinsa a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba, bangonsa ya tsufa, wani ɗalibi ya cika gefen shafukan da rubutun biro. Labarin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, wanda ya ƙi miƙa wuya lokacin da sojojin Turawa na Lugga suka ci Sakkwato a 1903, ya yi hijira gabas da jama'arsa, har ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekarar. Wata rana bayan sallar isha'i na karanta wa wasu dattawa wani sashe a ƙofar shagona da ke Agege, ina juya musu shi da Hausa gwargwadon iyawata. Ɗaya daga cikinsu, Basakkwace mai sayar da goro, ya yi shiru har na kai aya, sannan ya ce, “Malam, ashe har yanzu akwai mai tuna Burmi?”

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Tarihin kakanninmu ne, amma da Turanci aka rubuta shi, ɗaliban jami'a ke nazarinsa, mu kuwa masu abin a Agege da Idi-Araba da Obalende ba mu ma san da shi ba. Laifin kuma har da namu, domin da yawanmu muna kallon wannan fanni a matsayin shiririta. Na ga maƙwabcin da ya hana ɗansa karanta shi a jami'a, yana cewa ba zai biya kuɗin makaranta a mayar masa da yaro ɗan dirama ba, alhali Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni domin wayar da kan talakawa.

Saboda haka ina kira ga malaman sassan Hausa na jami'o'inmu da su nemi izinin marubucin su fassara Attahiru, kuma sarakunan Hausawan Legas da attajiranmu su ɗauki nauyin nuna shi. Ba sai an kai Iganmu ba. Filin makarantar firamare a Agege ma ya isa, matuƙar an ajiye wa dattawa kujeru a sahun gaba.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas