Ina za mu kai yara su ga fuskokin magabata?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Juma'a jikata ta juya takardar naira ashirin, ta tambaye ni wace ce matar nan mai ginin tukunya. Na ce Ladi Kwali ce, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja, ta rasu a 1984. Sai yarinyar ta ce, "Kaka, to ina sauran?" Na rasa ta cewa. Ashe takardar kuɗi ce gidan hotunan yawancinmu, kuma waɗanda aka rubuta sunansu a kai ba su cika goma ba.

A Landan sun kafa gidan hotunan fitattun mutanensu tun 1856. Hoton farko da suka karɓa na Shakespeare ne, marubuci, alhali ga sarakuna jingim. Ma'auninsu shi ne abin da mai hoton ya yi wa ƙasa, ko da zanen bai yi kyau ba. Har zuwa 1969 ma, in ban da masu sarauta, sai mutum ya shekara goma a kabari kafin a rataya nasa. Wannan ƙa'ida ta burge ni, don na san halinmu: a buɗe yau, gobe bango ya cika da masu rawani da gwamnonin da ke kan kujera. Amurka ta buɗe nata gidan hotunan a 1968.

Mu ma muna da hukumar adana zane-zane ta ƙasa, National Gallery of Art, tun 1993, amma ni ɗakin da nake nema shi ne wanda Gambo Sawaba za ta zauna kusa da Sa'adu Zungur, Ɗan Maraya Jos na riƙe da kuntiginsa, a ƙarƙashin kowane hoto a rubuta aikin mutumin da Hausa.

Abin da ya fi damuna shi ne hotunan suna lalacewa. Tsofaffin masu ɗaukar hoto na Jos suna ta ƙarewa, magada na zubar da fim ɗinsu, gara na cin na cikin akwati. Gidan tarihin Jos, da ke nan tun 1952, zai iya fara tattarawa kafin a yi maganar gini. Ina da hoton mahaifina da abokan aikinsa a bakin ramin kuza. Duk ranar da aka buɗe rajista, da hannuna zan kai.

Wassalam,
Tsohon malamin makaranta, Unguwar Rogo, Jos