Yaran gidajen kallo ma ma'aikata ne

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan gidajen kallon ƙwallo da fina-finai a nan Birnin Kebbi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin shiga ke ta hawa, har wasu matasa sun fara kiran a ƙaurace wa gidajen sai an rage. Ban ga laifinsu ba, aljihu ya yi zafi. Mai gida kuma zai ce maka janareta ba ruwa yake sha ba, ga kuɗin DStv kowane wata.

Wanda ba a jin muryarsa shi ne yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofa. Shi ke tayar da inji, shi ke jera benci, shi ke raba faɗa idan Arsenal ta sha kashi, ba ya barin wurin sai tsakar dare. Ladansa sau da yawa abin da mai gida ya ga dama ne. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafe shi ba, tunda dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

A Landan, lokacin da aka ƙaurace wa sinimomin Picturehouse a 2017, ma'aikatan ne suka nemi a yi hakan don a ƙara musu albashi. Namu ƙauracewar kuwa, ranar da benci ya zama wayam, yaron ne zai fara kwana da yunwa. Masu gidajen su zauna su tsayar masa da lada na kowane dare, ko an cika ko ba a cika ba.

Naka,
Mai karatu daga Birnin Kebbi