Ku duba masu adana tarihin zanen Sin, ba farashin gwanjo kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, na rubuto ne game da rahoton da kuka kawo a kan kasuwar zane-zanen zamani ta ƙasar Sin. Kun ambaci zanen Zeng Fanzhi da aka yi gwanjonsa a Hong Kong a 2013 a kan dala miliyan 23, kuma haka abin yake. Sai dai a ganina kun tsaya a bakin kasuwa. Akwai masu bincike da masu tsara baje kolin zane waɗanda su ne ke riƙe da tarihin wannan fanni, ba a cika jin sunayensu ba, kuma yawancin aikinsu da kyautar masu hali yake tafiya. Su nake so ku waiwaya.

Dalilin da ya sa suke buƙatar tallafi yana cikin yadda abin ya faro. A watan Satumba na 1979 wasu matasa da suka kira kansu Taurari suka rataye ayyukansu a jikin shinge, a wajen babban gidan baje kolin zane na Beijin, domin ba a ba su wuri a ciki ba. Bayan shekara goma, a Fabrairun 1989, aka ba masu sabon salo damar shiga wannan gida, amma a ranar buɗewa Xiao Lu ta harbi nata aikin da bindiga, hukuma ta rufe wurin. A wancan zamani gidajen gwamnati ba sa sayen irin waɗannan ayyuka, ba sa kuma ajiye takardunsu. Wasiƙu, hotuna, katunan gayyata da mujallun da aka buga da hannu duk suka watse a gidajen mutane. Abin da ba a tattara ba kuwa, yau da gobe sai ya ɓace.

Shi ya sa nake girmama cibiyar Asia Art Archive da Claire Hsu da Johnson Chang suka kafa a Hong Kong a 2000. Ba ta sayar da zane. Ɗakin karatu ce da ma'ajiya, kowa na iya shiga ya karanta kyauta, kuma a kowace shekara masu zane kan ba da ayyukansu a yi gwanjo domin a riƙe ta. Ma'aikatanta sun bi masu zanen shekarun 1980 ɗaya bayan ɗaya, sun yi hira da su a bidiyo tun suna raye, sun ɗauki hoton takardunsu sun sa a intanet. Ku ɗauki misalin marigayi Ha Bik Chuen, mai sassaƙa a Hong Kong, wanda ya shafe shekaru da dama yana zuwa baje koli da kyamararsa yana ɗaukar hoto. Da ya rasu a 2009, ya bar ɗakin aikinsa cike da akwatuna, hotuna, yankakkun jaridu da littattafan da ya manna wa hotuna da hannunsa. Daga 2013 masu bincike suka fara buɗe akwatunan nan, suna tantancewa, suna rubuta wane ne a wannan hoto, a wace shekara, a wane zaure. Aiki ne na haƙuri da ƙura, babu mai tafa wa wanda ke yinsa, kuma dole wani ya biya shi albashi har ya gama.

A nan ne gidauniyoyi ke shigowa. Gidauniyar iyalin Robert H. N. Ho, wadda aka kafa a Hong Kong a 2005, ta ɗauki nauyin tallafin bincike tare da wannan cibiya, ta yadda matashi mai nazari zai samu kuɗin mota, masauki da lokacin zama ya yi rubutu. Ita ce kuma ta ba gidan baje kolin zane na Guggenheim da ke New York dala miliyan 10 a 2013. Abin da ya fi burge ni a kyautar shi ne an samar da kujerar mai tsara baje koli, har Xiaoyu Weng da Hou Hanru, dukansu haifaffun Sin, suka shirya nune-nunen 2016 da 2018. Ke nan 'yan ƙasa ne suka zaɓi abin da za a nuna wa Amurkawa, suka kuma rubuta bayaninsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Uli Sigg, tsohon jakadan Suwizalan a Sin, an fi saninsa da kyautar ayyuka 1,463 da ya yi wa gidan baje kolin zane na M+ da ke Hong Kong a 2012. Ni kuwa na fi tunawa da cewa a 2007 ya ƙara wa lambar yabon da ya kafa domin masu zanen zamani na Sin wani sashe na masu sharhi da rubutu a kan zane.

Ba zan ce babu matsala ba. Mai bayarwa yana iya janye hannunsa. Guy Ullens da matarsa Myriam, 'yan Beljiyam, sun buɗe cibiyar baje kolin zane ta UCCA a unguwar 798 ta Beijing a 2007, suka sayar da ita a 2017, kuma daga cikin kayansu ne wancan zane na Zeng Fanzhi ya fito zuwa gwanjo. Gidan baje kolin zane na Times da ke Guangzhou, wanda ya yi suna wajen bincike da renon matasa masu tsara baje koli, ya rufe ƙofarsa a 2022 lokacin da kamfanin gine-ginen da ke riƙe da shi ya shiga matsin kuɗi. Ma'aikatan da suka ƙware suka watse. Ga kuma takunkumi: da M+ ya buɗe a Nuwamban 2021, bai nuna hoton da mai zane Ai Weiwei ya ɗauka a dandalin Tiananmen na Beijing ba, bayan wasu 'yan siyasa sun yi ca a kansa. Kyauta ba ta sayen 'yanci, kuma abin da ke burge attajiri yakan rinjayi abin da za a bincika. Duk da haka, kuɗin da aka kashe a kan bincike yana barin abin da rufe gini ba ya shafewa. Hirar da aka naɗa, takardar da aka ɗauki hotonta aka sa a intanet, ɗalibi zai iya buɗe su daga ko'ina, ko da mai kyautar ya sayar da kayansa ya tafi.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake komawa kan wannan batu, ku nemi ɗaya daga cikin masu binciken nan ku yi hira da shi. Ku tambaye shi wa ke biyansa, shekara nawa tallafin ke ɗauka, da kuma ko an taɓa hana shi taɓa wani batu. Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin zane mai bibiyar shirye-shiryenku, daga Zariya