Kada Shimfiɗar Ƙasan Teku Ta Ruɗe Ka

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta shaida mini an ɗauke ka aikin auna ƙasan teku kafin a shimfiɗa wayoyin sadarwa. Allah ya sanya albarka.

Ga abin da nake so ka riƙe. A doron ƙasa, galibi sai gangare ya yi tsanani sannan ƙasa ke zaftarewa. A ƙarƙashin ruwa kuwa, gangaren da ido ba zai ma gane shi ba, digiri biyu kacal, yana iya sulalewa. Kogi yana jibge laka a bakinsa, sabuwa kan tsohuwa, har ruwan da ke maƙale a ciki ya rasa mafita. Sai nauyin ya koma kan ruwan, ƙwayoyin ƙasar su saki juna. Idan kun ciro samfurin laka daga ƙasan teku, ka duba da kyau: wani lokaci za ka ga siririn yumɓu mai santsi a tsakiya, ka danna da yatsa ya lotsa. Shi ne abin tsoron. Girgizar ƙasa ko guguwa ingiza mai kantu ruwa kawai suke yi.

A 1929 girgiza ta afku a Grand Banks, wani yanki na teku a gabashin Kanada. Lakar da ta ɓalle ta tsinke wayoyin tangaraho goma sha biyu, wasu nan take, wasu bayan sa'o'i, ɗaya bayan ɗaya. Daga lokutan tsinkewar ne ma masana suka lissafa gudunta. Igiyar ruwan da ta taso ta kashe mutum 28 a tsibirin Newfoundland da ke kusa. Ta Papua New Guinea a 1998 ta ci sama da mutum 2,000. A 2020 ma, laka ta kwararo daga bakin Kogin Kongo, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a ƙasan teku, ta katse wayoyin intanet.

To, jirgin bincike kuɗi yake ci kullum, don haka za a matsa maka ka gama da wuri. Duk inda na'ura ta nuna maka tabon tsohuwar zaftara, ko ramukan da iskar gas ta huda, rubuta shi a rahotonka ƙarara, ko da za a sauya hanyar wayar. Abin da ba ka auna ba kuma, kada ka sa masa hannu, ko wane ne ya tsaya a kanka.

Ka kira mahaifiyarka kafin ku tashi, hankalinta bai kwanta ba.

Mahaifinka