Batirin sola: a daina sayen lambar da ke jikin kwali

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu shirin sanya sola a gidajensu da shagunansu, musamman a kan batir, domin a nan ne kuɗin jama'a ke nutsewa. Sana'ata haɗa sola ce a nan Gusau da garuruwan kewaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya gagari talaka, sai kuma ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka samu matsala aka yi kwana da kwanaki babu lantarki. Daga nan kowa ya karkato sola: mai cajin waya, mai kemis, mai ƙanƙara, har kwamitin masallaci. Tambayar da ake yi mini kullum ita ce, "Malam, na ruwa zan saya ko litiyam?" Kafin in buɗe baki kuwa mai tambayar ya riga ya yanke hukunci, don ya ga an rubuta 200 a jikin na ruwan, an rubuta 100 a jikin litiyam, ga shi kuma mai 200 ɗin ya fi sauƙin kuɗi.

Wannan lambar, wadda ake kira amfiya, ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Sai ka ninka ta da bolt ɗin batirin. Na ruwa mai amfiya 200 bolt 12 ne, wato in ka ninka 200 da 12 ka samu 2,400, kwatankwacin yunit 2.4 irin wanda muke saya a mita. Litiyam ɗin da ake rataye wa a bango mai amfiya 100 kuwa bolt 51.2 ne, wato yunit 5.12. Tun a nan mai 100 ya ninka mai 200.

To sai batun abin da za ka iya ɗiba. Batirin ruwa, da ɗan'uwansa busasshe da ake cewa ba ya buƙatar ƙarin ruwa, duka na dalma ne, kuma halinsu ɗaya: tamkar tankin ruwa ne da aka kafa wa famfo a tsakiya. Rabin sama naka ne, rabin ƙasa in ka taɓa shi kullum, ka rage wa batirin kwana. Don haka a cikin yunit 2.4 ɗin nan, 1.2 ne rabonka. Batura huɗu da ake jerawa don inbata mai bolt 48 za su ba ka kamar yunit 4.8, ga nauyi sama da kilo 200, don kowane guda ya kai kilo 60. Litiyam guda ɗaya yana bari ka ɗebi kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, wato yunit huɗu da ƴan kai, nauyinsa kuma kamar kilo 50 ne. Ashe ba batir ɗaya da batir ɗaya ake gwadawa ba, huɗu ne da ɗaya. Wanda zai je Sabon Gari a Kano ya tambayi farashin na ruwa guda huɗu masu kyau, sannan ya tambayi na litiyam guda. Farashin litiyam ya faɗi sosai a kasuwar duniya tsakanin 2023 da 2024, tazarar ba kamar da ba ce.

Akwai kuma wani abu da masu ƙanƙara suka fi kowa ɗanɗanawa. Amfiyar da ake rubutawa a batirin dalma an auna ta ne a kan za a riƙa jan wutar a hankali, cikin awa goma ko ashirin. Da zarar ka ɗora masa firiza da injin jan ruwa suna fizga, abin da zai ba ka ba zai kai wancan ba. Shi ya sa mutum zai kira ni da tsakar dare yana cewa inbata na kuka, alhali batirin sabo ne.

Amma abin da ya fi kashe batirin ruwa a ƙasar nan biyu ne: zafi da rashin cika. Masu ƙera shi suna lissafin rayuwarsa ne a kan zafin digiri 25, kuma a kowane ƙarin digiri takwas zuwa goma, rayuwar tana raguwa da kusan rabi. Mu kuwa a bazara, watan Afrilu, Gusau da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40, sannan a ɗauki baturan a kulle a wani sito mai rufin kwano babu taga. Rashin cika kuma, batirin dalma yana so a cika shi fal akai-akai. In ya daɗe a rabi-rabi sai wani farin gishiri ya daskare a farantansa, daga nan ba ya sake riƙe caji. Yaushe zai cika a lokacin hazo, ƙura ta lulluɓe fanel ba mai gogewa? Yaushe zai cika a watan Agusta, hadari ya rufe rana tun safe? Yawancin mutanenmu kuma a fanel suke yin tsimi, su sayi batura huɗu su ɗora musu fanel ɗin da bai isa ya ciyar da biyu ba. Litiyam bai damu da zama a rabi ba, yana ɗaukar caji da sauri, kuma a cikin wutar da ka zuba masa wajen kashi 95 za ta dawo maka, shi kuwa na dalma 80 zuwa 85.

A takarda, na ruwa mai kyau yana iya yin caji da saukewa sau dubu zuwa dubu da ɗari biyar in an kula da shi. Litiyam irin na LiFePO4, wanda shi aka fi amfani da shi a sola, ana ba shi dubu uku zuwa dubu shida. A aikace, na sha ganin na ruwa da bai yi shekara biyu ba ya kwanta, wani lokacin don an zuba masa ruwan rijiya maimakon tataccen ruwan batir.

Kada a ce na zama dillalin litiyam. Kasuwarsa ta fi ta kowa algus a yanzu. Batir mai bolt 51.2 ƙwayoyi 16 ne a cikinsa, kowace bolt 3.2. Wasu suna sa 15, abin ya koma yunit 4.8, su sayar maka da sunan biyar. Wasu tsofaffin ƙwayoyi ake kwasowa, a zuba a sabon akwati mai walƙiya. Sannan duk rayuwarsa a hannun wani ɗan allo take da ake kira BMS, wanda ke hana shi wuce kima a caji ko a sauka. In na banza aka sa, rana ɗaya batirin zai ɗauke ɗif, mai gyaransa kuma ba a kowane gari yake ba. Tsohuwar inbata da ba a iya saita mata cajin litiyam ita ma tana iya lalata shi. Shi ma zafi yana tsufar da shi, ko da bai kai na dalma ba. Wanda zai saya ya nemi a nuna masa yawan ƙwayoyin, ya karɓi garanti a rubuce, daga shagon da zai tarar a buɗe baɗi. Araha ba ta ado. Ina kuma kira ga hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, ta sa ido a kan abin da ake shigowa da shi.

Ra'ayina shi ne, duk wanda sola ce wutarsa ta kullum, yana cika batir da rana yana shanyewa da dare, kuma yana da firiza ko sana'ar da ta dogara da wuta, litiyam ya fi masa sauƙi in aka raba kuɗin a kan shekaru. Wanda kuwa ƙwan lantarki huɗu da fanka da cajin waya ne buƙatarsa, ko masallacin ƙauye da lasifika kawai zai kunna, na ruwa guda ɗaya ya ishe shi, in dai zai ajiye shi inda iska ke shiga, ya riƙa duba ruwansa, ya kuma ƙara fanel. Kada a kwana da shi a ɗaki, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji.

Masu sayar da na ruwa suna da wata hujja: in ya mutu ƴan gwangwan za su saya da daraja. Gaskiya ne, dalmar cikinsa kuɗi ce. Amma ni ɗan Zamfara ne, wannan hujjar ba ta kwantar mini da hankali. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega, saboda ana daka duwatsun zinare a tsakar gida yara na shaƙar ƙurar. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Na ga inda ake fasa matattun batura da gatari a bakin kwata, a tuttular da ruwan a ƙasa, yara na wasa a gefe. Yanzu da kowace unguwa ta cika da sola, nan da shekara biyu zuwa uku dubban batura za su mutu a jihar nan. Ya kamata ma'aikatun muhalli na jihohinmu su ware wuraren karɓarsu, a kuma wajabta wa manyan dillalai karɓar tsoho a duk lokacin da suka sayar da sabo. Kafin nan, duk wanda nasa ya mutu ya mayar wa shagon da ya saya a rufe yadda yake, kada ya bari a fasa masa shi a ƙofar gida.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai haɗa sola,
Gusau, Jihar Zamfara.