Mahaukaciyar guguwar teku ba ta nufo Jigawa ba

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili kan saƙon muryar da ke yawo a wayoyin manoma duk damina, wai guguwar da ta addabi Amurka ta nufo Arewa. Ana tayar wa bayin Allah hankali a banza.

Wannan guguwa 'yar teku ce. Ba ta haɗuwa sai ɗumin ruwa ya kai kusan digiri 26 da rabi, kuma da ta hau tudu ƙarfinta ke karyewa. Hasali ma da yawa daga wajenmu suke samo asali: hadarin da ke taso mana daga gabas kan wuce Senegal ya faɗa tekun Atlantika, can ya yi ta juyi har iskarsa ta kai kilomita 119 a awa. Yamma yake nufa, mu baya ya ba mu.

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke birnin Miami tana fitar da hasashen kwana 5, tana sabunta shi duk bayan awa 6. Ban da hotunan tauraron ɗan'adam, jiragen sama na kutsawa cikin guguwar suna sakin na'urorin auna iska da danshi. Sai kwamfuta ta maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo da ɗan sauyi a alƙaluman farko. In hanyoyin da lissafin ya nuna guguwar za ta bi suka taru wuri guda, hasashen ya yi ƙarfi. In suka watse, da sauran aiki. Guguwar ba ta da linzamin kanta, iskar da ke kewaye da ita ce ke tura ta.

Zanen nan mai kamar mazurari da ake gani a taswira shi ya fi rikita mutane. Ba faɗin guguwar yake nunawa ba, inda cibiyarta za ta iya bi ne, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tana fita daga cikinsa. A 2004 idon jama'a na kan birnin Tampa a jihar Florida ta Amurka, sai guguwar da aka raɗa wa suna Charley ta ɗan karkata ta sauka kusa da garin Punta Gorda da ke kudu da shi. Hasashen ƙarfi ya fi wuya: guguwar Otis ta 2023 ta zama mai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, cikin kwana guda kafin ta faɗa wa birnin Acapulco na Meziko.

Roƙona, ku riƙa buga hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da Hausa kowane mako, tare da labarin cikar madatsun Tiga da Challawa. Shi ne abin da manomin shinkafa a Auyo da Ringim yake jira kafin Agusta.

Daga wani malamin labarin ƙasa, Auyo, Jihar Jigawa