Mijina Ba Ubangidan Kansa Ba Ne

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Malam Edita, tun daren Asabar raina a ɓace yake, kuma daga gidan rediyonku ɓacin ran ya fito. Dariyar da mai gabatarwa ya yi bayan ya gama ba da labarin fim ɗin nan na Ingila, Sorry We Missed You, na wani direban kai kaya, ya ce ashe Turawa ma na kukan talauci, har yanzu tana cikin kunnena. Amma da dariyar ce kaɗai da na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne maganar baƙonku, Doktan da kuka gayyato, da ya ce wannan matsalar can ce, mu nan Allah Ya rufa mana asiri, domin duk wanda ya samu Keke Napep ko babur na kabu-kabu ya zama ubangidan kansa, ya fita sa'ad da ya so, ya komo sa'ad da ya so. Sau uku ya maimaita, ubangidan kansa, ba wanda ya tanka masa a cikinku.

Lokacin da yake faɗin haka, ƙarfe tara da rabi ta gota. Ina zaune tsakar gida a Mabera, tuwon maigidana a rufe ya huce, autarmu ta yi barci a kan tabarma bayan ta sha kuka sai ta ga Babanta. Tun bayan sallar asuba ya fita. Bai shigo ba sai sha ɗaya saura. Wannan mutumin ne Dokta ke cewa yana komowa sa'ad da ya so.

Ban tsaya a kan abin da kuka faɗa ba. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Danfodiyo ya nemo mini fim ɗin, Sorry We Missed You na Ken Loach, wanda ya fito a 2019. Ya zauna yana fassara mini inda Turancin mutanen Newcastle ya yi mini nauyi. Wallahi ban kai rabi ba na fara share hawaye da bakin mayafi. Kun gaya wa masu sauraro cewa labarin wani direban kai kaya ne da aiki ya yi wa yawa. Ba ku gaya musu yadda aka yaudare shi ba, alhali da wannan yaudarar fim ɗin ya buɗe. Manajan kamfanin ya zaunar da direban, Ricky, ya ce masa ba ɗaukarsa aiki za a yi ba, tare da su zai yi aiki, shi ne mai mulkin kansa. Wato maganar da aka yi wa mutumin nan tarko da ita, ita ce Dokta ya ɗauko ya yi mana wa'azi da ita. Ko dai bai kalli fim ɗin ba, ko ya kalla bai taɓa zama da mai irin wannan aiki ba.

Matar Ricky motarta ta sayar, wadda take zuwa gidajen tsofaffi da marasa lafiya da ita tana kula da su, domin a biya kuɗin farko na motar kai kayan. Ni keken ɗinkina na sayar, wanda aka kawo ni gidan miji da shi, na haɗa da tumaki biyu da kwasar adashina. Maigidana mai fenti ne, aikin gini ya yi ƙasa, sai a yi wata guda ba kira. Aka ce ga wani bawan Allah na ba da Keke Napep, ka biya a hankali ya zama naka. Yayana ya tsaya masa. Ranar da ya shigo da keken nan zaure har guɗa maƙwabta suka yi. Ni ma na ce mun fita.

Ga yadda abin yake, tunda ba wanda ya yi bayaninsa a shirin. Kuɗin da aka rubuta a takarda ya kusa ninka kuɗin keken a kasuwa. Balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai keke, Naira 6,000 kullum, har ranar Juma'a, har ranar salla. In aka tara bashin balas na wasu kwanaki, mai keke na da ikon ɗauke abinsa, kuma duk abin da aka biya a baya ya zama kuɗin haya. Man fetur daga aljihun direba. Juyen mai, faci, taya, bakanike, duk nasa ne. Tikitin ƙungiya da na hukuma, shi zai yanka tun bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Saboda haka daga asuba zuwa la'asar maigidana ba mu yake yi wa aiki ba. Mai keke da gidan mai yake yi wa. Abin da ya samu daga la'asar zuwa dare shi ne garin tuwo, shi ne kuɗin makaranta, shi ne magani. Ranar da aka yi ruwa ko gari ya yi shiru, da na cefanen ake cika balas.

Mun sa hannu a takardar nan kafin 29 ga Mayu, 2023. Kowa ya san abin da ya faru ranar, da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutanen da ke hawa daga Gawon Nama zuwa babbar kasuwa suka koma takawa da ƙafa, waɗanda suka hau kuma sai an yi ciniki kamar za a yi faɗa. Ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah, ba gona, ba dabba, da yawansu babur suka ara suka shiga kabu-kabu. Ban ga laifinsu ba, su ma bakuna suke ciyarwa. Amma masu ɗauka sun ƙaru, masu hawa sun ragu, balas kuwa ko kwabo bai ragu ba.

Dokta ya taɓa wuni a cikin keke a watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rufin ya ɗauki wuta, injin na hura zafi ta ƙasa? A fim ɗin akwai gorar da abokin aikin Ricky ya ba shi domin fitsari, saboda na'urar da ke hannunsa tana ƙidaya masa mintoci. Mai gabatarwarku ya tsallake wurin, wataƙila don kunya. Mijina ba na'ura a hannunsa, amma akwai lissafi a kansa da ya fi na'ura tsanani. Sau nawa yana shigowa ya ce bai ci komai ba tun kokon safe. Sau nawa la'asar na kusan kuɓuce masa, mutumin da a da sahun farko yake. Bayansa ya lalace. Da hunturu tari ba ya barinsa barci.

Bara wata mota ta buge shi kusa da shataletalen Dandima, mai motar bai tsaya ba. Fasinjojin Allah Ya tsare su. Shi hannunsa na hagu ya goce, goshinsa ya sha ɗinki. Muna asibiti aka kira mai keke aka gaya masa. Ina tsaye, da kunnena na ji, domin wayar a buɗe take. Abin da ya fara tambaya shi ne, keken fa? Daga baya ne ya ce Allah Ya sawwaƙe. Gyaran keken mu muka yi, da bashi. Kwanakin da yana kwance an rubuta su cikin bashin balas. A fim ɗin, da aka yi wa Ricky fashi aka lakaɗa masa duka, yana zaune a asibiti manajan ya kira yana lissafa masa tarar na'urar da ta lalace, matarsa ta fizge wayar ta zazzage masa abin da ke cikinta. Ni ban samu wannan ba. Yayana ne ya tsaya, kuma mai keken ya haife ni. Na haɗiye maganata, har yau tana nan tsaye a ƙirjina.

Kwana na huɗu da asuba na ji yana tura keken. Na fito na tsaya bakin zaure na ce, "Malam, don girman Allah ka dakata, hannun ga bai warke ba." Ya ce, "Ke dai yi haƙuri ki ba ni hanya. In ban kai balas ba satin ga, abin da munka biya duka ya tahi." Ya ɗaure hannun da ƙyalle ya fita. Da na ga ƙarshen fim ɗin, mutum da kumburarren ido yana tada mota, matarsa da ɗansa na ƙoƙarin tare shi yana wucewa, sai da na ce wa ƙanena ya kashe wayar. Zaurenmu na gani. Shi ne kuka ce matsalar can ce.

Ɗanmu na fari yana da shekara 14. Watanni biyu yana fita da kayan makaranta, ashe tasha yake zuwa yana wanke kekuna. Makaranta ta aiko a turo uba. Uban ya ce rabin wuni zai tafi, balas na jira. Ni na je. Da na tsare yaron da dare sai ya ce, "Inna, karatun mi? Baba ma ai ya yi karatu." Uban da ya ji ya ɗaga hannu zai mare shi, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Yaron ba lalatacce ba ne. Uba ne bai gani. Yana barci uban ke fita, yana barci uban ke shigowa. Kullum a rediyonku ana zagin iyaye sun bar tarbiyya, ba a taɓa tambayar wa ya cinye lokacin iyayen ba. Ni kaina koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi, watan hutu ba albashi, kuma abin da ake ba ni bai kai rabin Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba.

Ban ce duk masu ba da keke azzalumai ne ba. Na san wata gwauruwa a unguwarmu da kuɗin sallamar mijinta ta sayi guda ɗaya, da shi take ciyar da marayu, kuma in direbanta ba lafiya takan yafe. Amma wannan kirkinta ne, takardar ba ta tilasta mata ba. Abin da nake faɗa shi ne, mijina yana da ubangida. Ubangidan ne ba ya ɗaukar nauyinsa. Riba ta tabbata gare shi kullum, asara kuwa, ko ta mai ce, ko ta haɗari, ko ta ciwo, a kan direba take sauka. Malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu cewa wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa, kuma abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, in ya lalace ba da sakacinsa ba, na mai shi ne. A garin Shehu muke, malaman fiƙihu ba su ƙare ba. Me ya hana ku gayyato ɗaya ya duba mana irin wannan takarda, wadda ba a san haya ce ko ciniki ba sai ranar da aka zo ɗauke keke?

Su can da kuke wa dariya, ai ba su yi shiru ba. A farkon 2018 wani direban kai kaya mai ciwon sukari ya rasu a Ingila, bayan an taɓa cin sa tarar fam 150 don ya je ganin likita, shi ya sa ya riƙa tsallake ranakun asibiti. Jaridunsu suka ɗauki maganar har ƙasar ta girgiza. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber, kamfanin da ake kiran motar haya ta waya, ma'aikata ne, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, ba masu zaman kansu ba kamar yadda kamfanin ke cewa. Can alƙalai sun ƙi yarda da kalmar. Nan kuwa gidan rediyon da talaka ke kunnawa a cikin keke shi ke maimaita masa ita.

Sa'a guda kuka yi kuna magana a kan masu wannan aiki, ba ku kawo ko ɗaya daga cikinsu ba. A ƙofar gidan rediyonku ma suna tsayawa jiran fasinja. Na kira layinku sau bakwai a daren, ba a ɗauka ba, amma an samu lokacin karanta gaishe-gaishe.

Tunda na riga na fara, bari in faɗi wannan ma. Tallar masu maganin gargajiya da kuke sakawa tsakanin magariba da isha'i ta wuce gona da iri. Lokacin nan yara na zaune ana cin abinci, surukata na gefe, sai mutum ya kama siffanta al'aura da cututtukan ma'aurata ɓaro-ɓaro. Sai in yi tsalle in kashe rediyo. Kuɗin talla bai kai mutuncin gidajen mutane ba. Ku mayar da ita can cikin dare ko ku sa su gyara harshe.

Abin da nake roƙo, ku sake shirin nan. Ku kawo mai keke da ke biyan balas, da ɗan kabu-kabu, da matar ɗayansu, da wanda ke ba da keke, da malami. Ku sa Dokta ya zauna ya saurara. Ku yi shi da dare bayan sha ɗaya, ko ku maimaita shi a lokacin, domin kafin nan waɗanda abin ya shafa suna kan titi. In ba ku samu matar da za ta yarda ta yi magana ba, ni zan zo, maigidana ya ba ni izini. Sauran wata biyar mu gama biya, in Allah Ya tsare hanya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Mabera, Sakkwato.